Ƙarar da Kawu Ba Ya Ji

Ni mutum ne mai yawan tsoro, kuma gara in faɗi haka tun da wuri. Ina tsoron wayar wutar da fatarta ta saluɓe, ina tsoron batirin da ya kumbura, ina tsoron a jefo mini tambaya a gaban jama'a. Amma babban tsorona shi ne kada wata rana Kawu ya sallame ni daga shagonsa. Bayan na kammala difloma a fannin lantarki, na yi zaryar ofisoshi har takalmina ya gaji da ni, ba inda aka ce in zauna ko a kan benci. Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, ya shigo gidanmu wata safiya, ya dubi takardar shaidar da aka rataye a bango, ya dube ni, ya ce, "Tashi mu tafi. Bango zai iya riƙe ta ba tare da kai ba." Tun daga ranar nake da wurin zuwa idan gari ya waye.

Sana'ar Kawu ita ce haɗa kayan sauti a mota. Shagon ƙarami ne, yana tsakanin mai walda da mai facin taya. A ciki akwai tebur guda da dalma ta yi wa tabo ko'ina, da guntayen katako jingine a kusurwa, da ƙanshin gam wanda ba ya barin riga ko an wanke. A kan kanta kuma kwalayen amfilifaya ne jere, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kowanne da lambarsa rubuce da manyan baƙaƙe: wat ɗari biyar, wat dubu, wat dubu biyu. Hannun Kawu kuwa ba a magana. Idan ya yanka katako ya haɗa akwatin wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bugun ganga, iska ba ta samun kafar fita sai ta ramin da shi ya bar mata, kuma idan ya shimfiɗa waya a ƙarƙashin kujera, ko mai wankin mota ba zai gane an taɓa wurin ba.

Akwai yadda ake rufe kowane aiki a shagonmu. A gefen amfilifaya akwai wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar wake ba, wanda sai da bakin sukundireba ake murɗa shi. Gen muke ce masa. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da rediyon mota, don kada a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Idan an gama haɗi, Kawu yakan buɗe but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota inda amfilifayar take, ya ɗora murfin kwalbar lemo a kan rufin mota, ya sa a kunna kiɗa mai ganga. Sai ya dafa but da hannun hagu, ya riƙa murɗa gen da na dama, a hankali a hankali, har murfin ya fara rawa, ya yi tattaki zuwa gefe, ya faɗo ƙasa. Da ya faɗo, aiki ya kammala. Mai mota ya washe baki, maƙwabta su yi shewa.

Matsalar ita ce amfilifaya tana da iyaka, kuma idan an tilasta mata ta wuce iyakar ba ta cewa a'a. Sai ta riƙa tura wa sifika gurɓataccen sauti wanda zafinsa ya fi amfaninsa, siririyar wayar da ke naɗe a cikin sifikar ta yi ta shan wuta har ta ƙone. Kafin ta ƙone takan yi kuka. Wata 'yar ƙara ce siririya da ke hawa saman kiɗan, kamar ana yaga sabon yadi a ɗakin da ke kusa. Duk mai wannan sana'a da ita yake sanin inda zai tsaya.

Kawu ya daina jin ta.

Ban gane haka rana ɗaya ba. Na fara lura cewa wayarsa takan yi ta kuka a aljihu sai kwastoma ya nuna masa. Na lura cewa idan ana yi masa magana bakin mutum yake kallo, kuma yana yawan ƙorafin cewa mutanen yanzu sun koyi cin magana. Shekarun da ya kwashe da kansa a cikin but ɗin motoci sun cinye masa siraran sautuka, suka bar masa ganga, wadda ita ma a ƙirji da tafin hannu yake jin ta. Saboda haka motoci suka riƙa dawowa da ƙonannun sifiku, shi kuma hukuncinsa kullum ɗaya ne: amfilifayar ce ta yi ƙanƙanta, a sa wadda ta ninka ta. A sa babbar, ya sake murɗa gen har murfi ya faɗo.

Abin da na iya yi shi ne abin da matsoraci yake iyawa. Bayan murfi ya faɗo, ni ake bari in ɗaure wayoyi in rufe but. Sai in sa jikina ya kare, in mayar da gen baya kaɗan zuwa inda kukan ya tsaya, in rufe. Sifiku suka daina dawowa a ƙone. Kawu ya ce sabon kamfanin da muka koma saye a wurinsa ne ya san aiki, na ce masa lallai kam.

Mahaifiyata kaɗai na gaya wa, wata safiya tana guga a tsakar ɗaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai yau ka sani?" in ji ta. "Ni tun yaushe nake kwaɗa masa kira kamar mai kiran wanda ke hayin kogi? Ka taɓa jin na ce masa kurma?"

"Inna, kayan mutane ne ke ƙonewa."

"Ba ka ce kana gyarawa ba? To ci gaba da gyarawa, bakinka alekum. Da kunnen nan ya riƙe gidan nan bayan rasuwar mahaifinka. Ranar da ka ce masa kunnen ya mutu, ka tuɓe masa riga a kasuwa." Ta juya wuyan rigar da take gogewa, ta danna. "Kuma ka san halin autanmu. Idan ya ce ka tafi, ko ni ban isa in dawo da kai ba."

Haka muka ci gaba har ranar da Dogo ya dawo.

Dogo direban tasi ne, tsohon kwastoman Kawu, mutumin da kujerar motarsa take ture har ƙarshe amma gwiwarsa na gogar sitiyari. Burinsa a duniya shi ne a ji motarsa tun kafin ta shigo tasha. A makon da ya gabata mun cire masa amfilifaya mai wat ɗari biyar mun sa mai dubu, Kawu ya yi masa alkawarin ƙara ninki biyu, murfi ya faɗo, ni kuma na rufe but kamar yadda na saba.

Da hantsi ya faka a ƙofar shago, ya fito yana warware jikinsa gaɓa-gaɓa.

"Maigida!" ya ɗaga murya, don duk wanda ya saba da Kawu ya koyi ɗaga murya ba tare da ya san ya koya ba. "Tambaya na zo yi. Malam Difloma, matso, kai ma da kai. Dubu ba ninkin ɗari biyar ba ne, ko an canza lissafi bayan na gudu daga makaranta?"

"Ba a canza ba," na ce.

"To ina rabin ƙarata ta maƙale? Na tara direbobi a tasha, na ce yau za su ga aiki. Na ɗora murfi. Ya ɗan girgiza kafaɗa kamar mai rawa a gaban surukai, ya nemi wuri ya zauna. Har masu wankin mota sai da suka yi mini dariya. Wani ma cewa ya yi in gwada ɗora auduga."

Mai Walda, wanda ba a yin zance a layinmu ba tare da shi ba, ya ɗage gilashin fuskarsa ya matso. "Wataƙila murfin ne ya yi nauyi. Na wace kwalba ka sa?"

"Kai dai tsaya ga ƙarfenka," in ji Dogo.

Kawu bai yi dariya ba. Ya sa Dogo ya buɗe but, ya sunkuya, ya daɗe yana kallon gefen amfilifayar. Kawu yana iya mance abin da aka gaya masa, amma ba ya mance inda hannunsa ya bar abu. Da ya miƙe, ni ya duba.

"Wa ya rufe but ɗin nan ranar?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"A nan na bar gen?"

"A'a."

"Aljani ne ya mayar da shi?"

"Ni ne."

Ina iya yin shiru daga nan, in ce kuskure ne, hannuna ne ya goga. Amma Dogo yana tsaye yana jiran amsar tambayarsa, kuma tambayar tana da amsa, amsar da na daɗe ina haɗiyewa duk lokacin da aka sauko da kwali daga kanta. Sai na juya wajensa, na yi magana a tsanake.

Na ce masa kunnen mutum ba ya ƙirga irin na kwali. Idan an ninka ƙarfin amfilifaya, ƙarar tana ƙaruwa, amma ɗan taki ɗaya ne, wanda sai mai saurare da kyau zai ce an ƙara. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai an ba sifika ƙarfi wajen ninki goma. Na ce masa ko da ban taɓa gen ba, ninkin da aka yi masa alkawari ba ya cikin wannan kwali, kuma abin da ya kayar da murfi ranar ba lafiyayyen sauti ba ne, amfilifaya ce ake shaƙe wa wuya.

Dogo ya ƙirga a yatsunsa. "Wato sai na sa dubu biyar?"

"Kusan haka. Kuma batirinka ba zai iya ciyar da ita ba. Duk bugun ganga sai fitilunka sun lumshe ido."

"Sai ka ɗaure janareta a rufin mota," in ji Mai Walda. "Ni zan yi maka keji, farashin zumunci."

"Abin da zai amfane ka ya fi wannan sauƙi," na ci gaba, don na riga na tsunduma. "Ƙofofinka duk karkarwa suke yi, suna shanye sautin. A liƙe su ta ciki. Sifikun gaba kuma irin masu nauyin tashi ne, akwai waɗanda da ɗan ƙarfi kaɗan suke..."

"A ƙofar shagona ka buɗe aji?"

Muryar Kawu ce ta katse ni. Ya matso har ina jin ƙanshin gam a rigarsa.

"Motoci nawa ka bi bayana ka taɓa?"

"Duk wadda na rufe, tun watannin baya."

Na ga maganar ta shige shi a hankali. Na san abin da yake tunawa: yadda ya riƙa yabon sabon kamfani a gaban kowa, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wato ni ina gaba ina aiki, kai kana baya kana warwarewa. Na ɗauko ka daga gindin bango, ashe malami na ɗauko wa kaina. Tun ba a haife ka ba nake murɗa abin nan, Injiniya! Takarda ce za ta koya mini sauti?" Ya zaro sukundireba daga aljihun gaba. "Dogo, ta da mota. Sa kiɗan nan na ranar. Yau zan nuna wa ɗan Yaya bambancin karatu da aiki."

Dogo ya dube ni, ya dubi Kawu, ya shiga ya kunna, ya fito. Kawu ya tsinci murfi a ƙasa ya ɗora a rufi da kansa, ya dafa but, ya fara murɗawa.

Da farko sautin ya cika, ya yi kauri, ya yi daɗi. Ya wuce inda na bar shi. Sai ga ta nan, 'yar ƙarar nan, ta fara leƙowa a saman muryar mawaƙin, tana yagewa duk lokacin da ganga ta sauka. Na ga Dogo ya ɗan karkata kai, murmushinsa ya rage. Na ga Mai Walda ya sauke gilashinsa ya rufe fuska, alhali ba walda yake yi ba. Mai facin taya ya ɗago daga bahon ruwansa ya yamutsa fuska. Duk layin sun ji. Kawu kuwa idonsa na kan murfi, tafin hannunsa na kan ƙarfe, fuskarsa cike da natsuwar mutumin da yake kan gaskiyarsa, yana ƙara murɗawa.

Sai hancina ya kamo wari, ɗan kaɗan, irin na fentin waya idan ya fara gasuwa.

Ban san lokacin da na zagaya ba. Na zura hannu ta tagar direba, na kashe motar, na zare makullin.

Murfin ya tsaya a bakin rufi, bai faɗo ba.

"Mayar da makullin nan," in ji Kawu.

"Kawu, don Allah mu shiga ciki, ina da magana."

"Ba inda za ni. Makullin mutum ne, ba shi abinsa."

Dogo ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. "Ni dai ba na sauri. Fasinja ma yau ba su da yawa."

Na matsa kusa da Kawu yadda ba wanda zai ji sai shi. Na tuna gargaɗin Inna, na nemi kalmomin da suka fi taushi, na sassauta murya na ce, "Kawu, sifikar tana kuka tun ɗazu. Kunnenka ne ya daina kamo ta."

Ya tsura wa bakina ido. "Me ka ce?"

Na maimaita, na ɗan ƙara kaɗan.

"Kai ma ka koyi cin maganar? Buɗe baki ka yi magana kamar namiji! Ɗazu da kake wa'azi ai kowa ya ji ka."

A nan na gane cewa wannan magana ba ta da hanyar sirri. Duk muryar da za ta isa kunnen Kawu sai ta isa shagon walda da na faci. Na rufe ido, na buɗe.

"Na ce sifikar tana kuka, Kawu! Kowa a nan ya ji ta! Kai ne ba ka ji ba! Kunnenka ya daina jin siririn sauti, shi ya sa suke ƙonewa!"

Ban taɓa jin muryata da irin wannan ƙarfi ba. Wata mata da ke wucewa da yaro a hannu ta waiwayo.

Kawu ya juya wajen Dogo. "Ka ji wani abu?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Maigida, ni ba masani ba ne. Amma na ji kamar ana ɗan suya a cikin kiɗan."

"Kai fa?" Kawu ya tambayi Mai Walda.

Mai Walda ya ɗage gilashi a hankali. Wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Na ji, maƙwabci. Ba yau na fara ji ba." Ya zaro tabarau mai kauri daga aljihun rigarsa ya nuna. "Ka ga wannan? Ni ma tartsatsi ya ci rabonsa a idona. Kayan aiki ne, suna gajiya. Ba abin kunya ba ne."

"Ban tambaye ka tarihi ba."

Kawu ya sunkuya cikin but, ya kai hancinsa kusa da wufar, ya shaƙa. Na san ya ji warin, don hanci bai gaza masa ba. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda shaƙar ke bukata. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa, kuma ban iya rarrabe fushi da wani abin a cikinsu ba. Ya ajiye sukundireban a gefen but.

"Ba shi makullinsa," ya ce mini, muryarsa a dushe. "Ka ɗauki jakarka ka tafi gida. Zan zo in ga Yaya."

Ga shi nan dai ya faɗa. Na hango zaman ɗaki da kallon silin, da fuskar Inna idan ta gan ni da rana tsaka. Na miƙa wa Dogo makullinsa. Jakata tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, taku kaɗan ne tsakanina da ita. Amma idan na ɗauke ta, gobe wata mota za ta shigo, a ɗora murfi, kuma ba wanda zai rufe but a bayansa. Za su yi ta dawowa a ƙone har ranar da layin nan zai fara yi masa dariya a ɓoye, shi da ya koya wa rabin masu wannan sana'a riƙon waya.

Na wuce ta gabansa, na ɗauki sukundireban daga inda ya ajiye. Ban kare da jikina ba. Na matsa gefe yadda zai ga hannuna sarai, na sa baki a gen, na mayar da shi baya zuwa inda ya kamata. Sannan na miƙe na fuskance shi, na ɗaga murya yadda ba sai ya kalli bakina ba.

"Ba zan tafi ba, Kawu! Gobe da safe za ka same ni a ƙofar nan kafin ka iso, in kora ce sai ka sake ta, jibi ma haka. Akwati naka ne, waya taka ce, shago naka ne. Amma daga yau ni zan saita gen a kowace mota, a gabanka, ba a bayanka ba, kuma ba wanda za a sake yi wa alkawarin ninki biyu a shagon nan!"